Maganin da Ba Shi da Suna

Shekara tara Jannatu ta yi tana haɗiye ƙwaya ɗaya kowace safiya, amma ko wuƙa za a ɗora mata a wuya ba za ta iya faɗin sunan ƙwayar ba. Wannan kuwa aikin mijinta ne, Badaru mai albasa, Allah Ya ji ƙansa. Duk wata uku in ya kai lodi Paraku sai ya biya ya sayo maganin. Kafin motarsu ta kawo Kandi ya ɓalle ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ya zuba a wani ƙaramin gwangwanin madara mai murfi, kwalin kuma ya yi masa gutsi-gutsi ya watsar ta taga. Abin da ke isowa gida farare ne ƙanana masu tsaga a tsakiya, ba rubutu, ba takarda. In wata ta leƙa ta tambaya, sai a ce na ƙarin jini ne.

Kada a ga laifinsa da yawa. Ƙauna ce ta sa shi, da kuma sanin halin mutanensa. A unguwarsu ta Malanville, inda ake sanin miyar maƙwabta tun ba a sauke tukunya ba, macen da ke shan maganin likitan ƙwaƙwalwa suna ɗaya gare ta. Sunan kuma ba ya tsayawa a kanta, sai ya bi 'yarta har ranar da za a zo tambayar aurenta. Mutanen nan suna iya manta wa ɓarawo satarsa in ya je Makka ya dawo, amma wannan ba sa mantawa.

Ciwon ya same ta ne bayan ɗansu na fari ya koma yana da wata huɗu. Ba ta yi ihu ba, ba ta yaga tufa ba, ba ta fita titi ba. Zama kawai ta yi. Abinci ya daina ɗanɗano, wanka ya zama aikin da sai an yi mata magiya, rana ta fito ta faɗi tana kallon bango ɗaya. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka kai sadaka bakin kogi a ɓoye, wata bakwai ba sauyi. Sai Badaru ya ce wa dangi zai kai ta Paraku a duba mahaifarta. Can wani likita mai furfura ya saurare ta fiye da awa guda, ya rubuta abin da ya rubuta a ɗan littafin asibiti mai shuɗin bango, wanda suke kira karne, Badaru ya karɓa ya sa aljihu. Bayan mako shida Jannatu ta tashi da kanta ta share tsakar gida. Bayan shekara biyu ta haifi Munira. Tun daga nan sau ɗaya a shekara suke komawa wurin likitan, ana cewa neman ƙanen Munira ake yi. Matan unguwa suna tausaya mata a kan rashin haihuwa, ita kuma tana karɓar tausayin hannu bibbiyu, don shi ba a kore mutum daga cikin mutane saboda shi.

Badaru ya faɗi ne a tashar albasa da hantsi, ana tsakar ɗora buhuna. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bai bar wasiyya ba, bai ce uffan ba.

Ranar sadakar bakwai wansa Alhaji Maigandi ya tara dangi a zaure. Daga Kamba ya zo, ta jirgin ruwa, tunda gadar kan iyaka a rufe take. Mutum ne dogo mai ƙarancin magana, wanda in ya yanke abu a gidansu ya yanku. Shi ya tattara jakar tafiyar mamacin da duk takardunsa, kamar yadda babban wa ke yi. Da aka zo maganar yarinya sai ya ɗaga murya yadda za a ji daga bayan labule, inda Jannatu take zaune a tabarmar takaba.

"Ɗiya ta zauna wurin uwatta, tunda nan taka zuwa lakwal. Muddin uwar na lahiya, ba mai taɓa ta."

Jannatu ta sunkuyar da kai ta yi hamdala. Iyayenta sun rasu, ƙannenta maza suna Kwatano suna neman na kansu. Munira 'yar shekara bakwai, mai giɓi da surutun Faransanci irin na lakwal, wato makarantar boko, ita kaɗai ta rage mata. Aka bar mata Gwaggo Hajjo, ƙanwar mahaifin su Badaru, ta zauna da ita har ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma. Tsohuwa ce mai kirki, mai carbi, mai ido kuma, irin wadda allura ba ta faɗuwa a gida ba ta ji ba.

Ƙwayoyin sun ƙare a kwana na ashirin da uku. Jannatu ta girgiza gwangwanin ta ji shiru, ta mayar da shi ƙasan akwati. Ko gabanta bai faɗi ba. Ai ta warke tuntuni, ta ce a ranta. Ga shi mijinta ya mutu ta yi kuka irin na kowa, ta ci abinci, ta yi salla, ta yi wa 'yarta kitso. Wanda ya ɗauki wannan ai ya wuce shan ƙwaya. Ba wanda ya taɓa gaya mata kada a yanke maganin kwatsam. Likita ya faɗa, amma da Faransanci ya faɗa, kuma ga Badaru ya faɗa, shi kuwa bai ga amfanin tsorata ta da abin da ba zai taɓa bari ya faru ba.

Kwana uku bayan nan tana tsintar shinkafa da safe Gwaggo Hajjo ta kira ta. Ta juya ido kawai, ba ma kai ba, sai wani abu ya fizge ta a cikin ƙwaƙwalwa, irin fizgar da mutum ke ji in ya taɓa wayar wuta da jiƙaƙƙen hannu. Ya wuce kafin ta ce wayyo. Ta yi tsit da tire a cinya. Ta sake juya ido, ya sake zuwa, wannan karon har da wata ƙara, shuu, a bayan kunnuwanta.

"Mi as same ki?" in ji Gwaggo.

"Ba komi, Gwaggo. Jiri na."

"Ba ki cin abinci, shi ya sa."

Kafin mako ya zagayo gidan ya zama jirgin ruwa a ƙarƙashin ƙafafunta. In za ta kewaya sai ta bi bango. Zuciyarta tana tashi da ƙamshin daddawa, da ƙamshin sabulu, har da ƙamshin kan Munira. Gumi ya jiƙa mata riga alhali tana rawar sanyi. Barci in ya zo sai ya zo da mafarkai masu kala, Badaru yana ƙidaya albasa a cikin kabari, albasar tana da haƙora, ta wayi gari jikinta duk a mace. Kuka kuma ba ya sallama. Ta ga kaza ta taka ruwa, sai hawaye. Masu zuwa gaisuwa suka fara cewa kai, Jannatu ta so mijin nan, wasu kuma suka fara cewa so ɗin ya yi yawa.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ba ta gane baƙon ba. Tsohon ciwonta ta san shi kamar yadda ta san ɗakinta: nauyi ne da shiru. Wannan kuwa hayaniya ce. Jikinta kamar an zuba masa tururuwa, ba ta iya zama, ba ta iya kwanciya, ga takaba ta ɗaure ta a tabarma ɗaya. Ta fara tunanin ko wannan ne haukan gaske, wanda aka yi shekara tara ana tare masa ƙofa.

Gwaggo Hajjo ta yi abin da ta sani. Ta ce marigayi ne bai sake ta ba, haka ake yi in an yi zaman daɗi. Ta turara mata habbatussauda da tafarnuwa a kasko, ta lulluɓe ta da bargo. Jannatu ta yi amai har sai da ta ga duhu. Wata maƙwabciya Badandiya ta leƙo ta ce da harshensu wannan ba aikin mamaci ba ne, mutanen ruwa ne, a kira masu goge. Gwaggo ta yi a'uziyya ta raka ta har ƙofa, amma da ta dawo ta daɗe tana kallon Jannatu.

Ranar Talata da la'asar Munira ta dawo daga makaranta ta samu ƙanzon shinkafa a tukunya. Ta zauna a bakin murhu ta sa cokali tana kankara, tana 'yar waƙarta. Ƙur, ƙur, ƙur. Kowace kankara sai Jannatu ta ji ta a cikin haƙoranta, ta bi ta ƙeya ta tashi wutar nan.

"Bari," ta ce.

Yarinyar ba ta ji ba.

"Na ce ki bari!"

Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta dai ga tukunya tana gangarawa, ta ga Munira a ƙasa dafe da kunci, ta ji tafin hannunta yana zafi. Tunda ta haife ta ba ta taɓa ɗaga mata hannu ba, har Badaru yana mata tsiya wai za ta lalata yarinya. Munira ba ta yi kuka nan da nan ba. Kallon uwarta ta yi, kallon da ake yi wa karen gida in ya yi cizo, sannan ta rarrafa ta shige bayan Gwaggo. Jannatu ta durƙusa a wurin ta fasa kukan da ya tara yara a bakin ƙofa. Bayan an yi magariba ta ji Gwaggo a zaure tana waya ƙasa-ƙasa. Ba ta ji duka ba, ta dai ji "Alhaji", ta ji "ɗiyar", ta ji "ka zo ka gani da idonka".

Ranar Juma'a Gwaggo ta tafi barkar haihuwa can wajen hanyar Garu, sai ga Tanti Larai ta shigo da na'urar awon jini a jaka. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, gidanta na uku daga nasu, ita ke yi wa rabin unguwa allura. Ta auna ta ce jinin lafiya lau. Ta duba ido, ta duba harshe, ta sa Jannatu ta miƙe hannuwa, suka tsaya suna kallon yatsun suna rawa.

"Maman Munira, tsakaninki da Allah, akwai wani abu da kika sha kullum, da kinka bari?"

Jannatu ta dubi ƙofa. Shekara tara maganar tana cikinta, ko ga ƙawarta ta ƙuruciya ba ta taɓa fitar da ita ba. Ta jawo akwati ta ɗauko gwangwanin ta miƙa, sannan ta faɗi komai, tun daga jaririn da ya koma.

Tanti Larai ta buɗe gwangwanin ta leƙa, ta shinshina, ta yi tsaki mai tsawo.

"Wanga ba hauka ba na, ki ji ni da kyau. Ba iska ba, ba mamaci ba. Irin maganin ga in jiki ya saba da shi shekaru, ba a yanke shi dare ɗaya. Sannu-sannu aka rage shi, wata da watanni, lokotoro na dubawa. Ke kin yanke shi kamar an yanke igiyar guga. Jikinki na ka kuka, ba hankalinki ba. Mi ne ne sunanshi?"

"Ban sani ba, Tanti."

"Kwalin hwa?"

"Ban taɓa ganin kwali ba. Hwari na, ƙarami, da tsaga tsakiya."

"Rabin maganin duniya hwari na da tsaga tsakiya! Ni ba ni ba ki abu da ka. Ina karne?"

"Cikin jakar baban Munira. Jakar na wurin Alhaji."

Tanti Larai ta mayar wa gwangwanin murfinsa. Ita ma 'yar garin ce, ba sai an yi mata bayani ba. Ta ce abin yana iya lafawa da kansa, wani mako uku, wani wata uku, wani ya fi haka, kuma tsohon ciwon yana iya biyo bayansa. Hanya ɗaya ta sani: ko a samo karnen, ko Jannatu ta koma wurin lokotoron, wato likitan da ya san ta. Addini bai hana mai takaba fita neman magani ba. Amma Paraku ba bayan gida ba ce, tafiyar yini ce, sai da izinin babban wa, sai da 'yar rakiya, sai an faɗi dalili. Neman haihuwa kuwa ya daina zama dalili ga macen da mijinta ke kabari.

"Ki gaya mishi," in ji Tanti Larai tana naɗe na'urarta. "Ni bakina ƙulle. Amma ki gaya mishi."

Faɗin haka ya fi sauƙi ga wanda ba 'yarsa ba ce. Kwana huɗu suka rage a yi sadakar arba'in, Jannatu ta kwashe su tana juya abin. In ta yi shiru, Alhaji zai zo ya ga mace tana bin bango, tana kuka don kaza, ga shatin yatsu a kuncin 'yar ƙanensa. In ta yi magana, ta ba shi da bakinta sunan da Badaru ya mutu yana ɓoyewa. Ta gwada yin ta maza. Ta yi wanka, ta zauna a miƙe, ta koyi juya kai gaba ɗaya maimakon juya ido don wutar ta rage. Ta kira Munira ta zo a yi mata tsifa, yarinyar ta zo, amma ta zauna a ɗarare, duk sanda hannun uwarta ya ɗaga sai ta ƙifta ido ta noƙe wuya. Wannan noƙewar ce ta yanke wa Jannatu shawara. Gara a kira ta kowane suna da 'yarta ta girma tana tsoron hannunta.

Ranar arba'in aka yi addu'a da safe, aka raba waina da gumba, mutane suka watse. Jannatu ta aika Gwaggo ta ce tana neman magana da Alhaji. Ya zo ya zauna a kujera bakin ƙofar ɗakin, labule a tsakaninsu, Gwaggo tana gefe da carbinta. Suka gaisa, ya yi mata ya haƙuri. Ta dafa ƙasa da hannu biyu don ɗakin ya daina juyawa.

"Yaya, cikin jakar marigayi akwai wani karne mai shuɗin bango. Shi nika roƙo a ba ni."

Alhaji ya matso da kujerarsa kusa da labulen.

"Wa ya gaya miki zancen karnen ga?"

"Nawa na, Yaya."

Ta faɗa masa, a taƙaice, ba ta yi kuka ba sai wajen ƙarshe. Ta faɗi abin da Tanti Larai ta ce, ta maimaita sau biyu cewa jiki ne ba hankali ba. Carbin Gwaggo ya tsaya. Ta ƙasan labule Jannatu tana ganin ƙafafun Alhaji, ta ga ya zare su daga takalmi ya mayar.

Da ya yi magana muryarsa ta sauya. Ya ce ya ga littafin tun ranar bakwai. Shi ba ya karanta Faransanci, sai ya kai wa wani mai kantin magani can nesa da unguwa, ya ce tsinta ya yi. Mutumin ya duba ya gaya masa ko na wane irin ciwo ne, da shekarun da aka yi ana sha. Wurin da ake rubuta sunan mai littafin kuwa an yanke shi da reza, tsaf, aikin Badaru. To littafi a jakar mutum, a aljihun ciki, an yanke suna, na wa zai ce? Ya ɗauka ƙanensa ne ya yi shekara tara yana fama shi kaɗai, yana dariya a kasuwa, bai taɓa iya gaya wa ɗan uwansa ciki ɗaya ba. Ya ce tun ranar bai ci abinci ya ji daɗinsa ba. Ya ce ya zauna yana lissafa kakanninsu ɗaya bayan ɗaya yana neman ta inda abin ya shigo, yana kallon 'ya'yansa yana tsoro.

"Sai na ce ba ni barin kowa shi gani. Mutum ya mutu da asirinshi ruhe, ni ba ni tona shi. Na sa mishi ashana, Jannatu. Tun ran nan na ƙone shi."

Ta ji wutar ta fizge ta sau uku a jere. Mutum biyu, wa da ƙane, kowanne ya rufa asiri iya ƙarfinsa, kowanne don Allah ya yi, ita ce kuma aka rufe a ciki.

Sai ta ji ya ja dogon numfashi ya sauke, irin na wanda aka ɗauke wa buhu daga ka.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali, ba da ita yake ba. "Ashe ba jininmu ba na."

Ya ankara da abin da ya faɗa, ya yi gyaran murya. Ba mugu ba ne, kuma abin da ya biyo baya da taushi ya faɗe shi. Gobe Gwaggo za ta raka ta Paraku, shi zai ɗauki nauyin komai. Maganar ba za ta wuce su uku ba. Yarinya kuwa zai tafi da ita Kamba wurin iyalinsa, kafin uwar ta samu kanta, don ba a barin ƙaramin yaro cikin jinya.

"Lakwal ɗinta hwa, Yaya?"

"Akwai makaranta Kamba."

"Har yaushe?"

"Har ki warke."

Da azahar aka tafi da Munira. Jannatu ta haɗa mata kaya a leda, ta sa mata littattafanta duk da ta san ba irin su ake karantawa a can ba. Mai takaba ba ta rakiya, iyakarta ƙofar zaure. Yarinyar ta hau bayan babur tsakanin mai tuƙi da kawunta, tana murnar za ta shiga jirgin ruwa, ta ɗago hannu sau ɗaya kafin su sha kwana.

A Paraku likitan yana nan, furfurar ta ƙaru. Ya nemo ta a babban littafinsa cikin minti biyar. Wannan karon wata ma'aikaciya ce ta fassara mata, kalma bayan kalma, ba miji a tsakani. Ya yi mata ta'aziyya, ya ce abin da ya same ta sananne ne, yana samun mutane da yawa, ba alamar taɓuwa ba ce. Ya mayar da ita kan maganin. Ya ce nan gaba, in rayuwarta ta natsu, ana iya gwada ragewa kaɗan-kaɗan, mai yiwuwa ta rabu da shi, mai yiwuwa kuma ta zauna da shi kamar yadda mai hawan jini ke zama da nasa. Amma ba bana ba, ba cikin makoki ba, kuma kada ta ƙara yanke shi da kanta ko da wa ya ce. Ya miƙa mata kwalin a hannunta. Ta sa ma'aikaciyar ta karanta mata sunan sau uku har ta riƙe.

Kwana uku kacal. Ranar farko wutar ta ragu, ta biyu ƙasa ta tsaya cik, ta uku ta tashi da yunwa ta cinye kwanon tuwo har ta suɗe. Wani irin takaici ya kama ta da ta ga ƙanƙantar abin. Ashe duk wannan, da marin, da jirgin da ya ƙetare da 'yarta, a bakin ƙwaya uku yake. Hankalinta ya dawo garau, kuma da garau ɗin ta ga gidan yadda yake: tabarma biyu, tsohuwa ɗaya, ba mai shigowa da gudu da la'asar tana jefar da jaka.

Ta daure ta bari mako uku suka wuce, don kada a ce gaggawa ma alama ce. Sannan wata safiya ta roƙi Gwaggo ta kira mata Kamba. Aka fara ba ta Munira. Yarinyar ta ce tana lafiya, an saya mata takalmi, yaran gidan suna yi mata dariya in ta yi Faransanci don haka ta daina. Ta ce, "Inna, yaushe za ki zo?" Kafin Jannatu ta amsa Alhaji ya karɓi wayar.

"Yaya, na samu lahiya. Gwaggo na nan, ka tambaye ta. Ina ci, ina barci, ba jiri, ba komi."

"Madalla. Gwaggo ta gaya mini. Mun gode Allah." Sai ya tambaya, "Da maganin, ko ba shi?"

Ta dubi Gwaggo, wadda kowace safiya ita ke miƙo mata ruwan sha. Ba wurin ƙarya.

"Da shi."

"To, kin gani. Mun dai ga yadda kike in babu shi. Ni ba ni zaluntar ki, Jannatu, Allah na gani. Ran da kinka aje shi kinka zauna lahiya kamar kowa, ki kira ni, ni da kaina nika kawo miki ita."

"Yaya, lokotoro ya ce..."

"Lokotoro ba shi ka riƙon amanar ɗiyar ƙanena ba. Ki gaida Gwaggo."

Wayar ta mutu a kunnenta. Ta daɗe riƙe da ita kafin ta miƙa.

Washegari bayan ta idar da salla Gwaggo ta kawo mata ruwa a kofi kamar kullum, ta juya ta tafi hura wuta. Jannatu ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta ɗora a tafin hannu. Ta san abin da likita ya ce, da kunnenta ta ji. Ta san wutar, ta san bangon da za ta bi, ta san abin da ke iya biyowa bayan hayaniyar ta lafa. Tanti Larai ta ce wani mako uku, wani wata uku. Ba ta ce ba a taɓa tsallakewa ba. In ta koyi juya kai maimakon ido, in ta ciji harshe lokacin da kukan ya taso, in Gwaggo ba ta lura ba.

"Kin sha?" in ji Gwaggo daga bakin murhu.

Jannatu ta kafa kai ta shanye ruwan, ta jawo bakin zanenta ta ƙulle ƙwayar a ciki, ta ƙara ƙulli na biyu.

"Na sha, Gwaggo."